Filin Lafiyarku: Borin Jini, Botar Gyaɗa da Gyaɗar da Ta Yi Hunhuna

Wasiƙun wannan makon yawancinsu a kan gyaɗa suka tsaya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa biyu da rabi. Sau biyu ke nan in ya sha kunun gyaɗa, kafin a ɗauke kofi leɓɓansa sun kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu yana ta susa. Na biyun har da amai. Kakarsa ta ce zafi ne, a ba shi manja ya lasa, kuma a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba. Ya zan yi? Daga wata uwa, Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki dakatar da gyaɗa daga yau, duk nau'inta, har sai likitan yara ya gan shi. Abin da kika kwatanta ba ƙurajen zafi ba ne. Ƙurajen zafi ƙanana ne, a wuya da baya da hammata suke zama, kwana da kwanaki. Wannan kuwa borin jini ne. Garkuwar jikin yaron ce ta ɗauki furotin ɗin gyaɗa a matsayin maƙiyi, to da ya shiga baki sai ta saki wani sinadari mai suna histamin da 'yan uwansa, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsatso cikin fata, shi ne kumburin da ƙaiƙayin. Abin da ke tona shi shi ne sauri da maimaituwa: yana zuwa cikin mintuna, da wuya ya wuce awa 2 bayan cin abincin, kuma duk ranar da aka ci sai ya dawo.

Maganar Hajiya kaka ta a ba shi har ya saba, akwai inda ta yi kama da gaskiya, domin a wasu manyan asibitocin duniya ana yin irin wannan magani. Amma a can awo ake yi da miligiram, ana ƙarawa cikin watanni, likita na tsaye da allura a hannu. Gwada shi a tsakar gida da ludayi wasa da rai ne. Borin jiya ba ya faɗa miki girman na gobe. Yaron da leɓe kawai ya kumbura masa wancan karon yana iya shaƙewa wannan karon, musamman in yana da asma. A rarrashi Hajiya cikin ladabi, in da hali a tafi da ita wurin likitan ta ji da kunnenta, don ita ce za ta fi kowa zama da shi in kin fita.

Yanzu ki riƙe bambancin nan da kyau. In abin ya tsaya a fata kawai, wato ƙaiƙayi, rudu-rudu, ɗan kumburin leɓe ko fatar ido, yaro yana numfashi lafiya yana magana, ana ba da maganin ƙaiƙayi irin su setirizin ko Piriton na ruwa gwargwadon shekarunsa, a zuba masa ido. Amma in kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: murya ta dushe, harshe ya kumbura, yawu ya ƙi haɗiyuwa, tari ba ƙaƙƙautawa, ƙirji na fito kamar usur, amai a kai a kai tare da kumburi, ko yaro ya yi laushi ya langwaɓe kamar zai suma, to wannan babban bori ne, wanda likitoci ke kira anafilaksis. Maganinsa guda ɗaya ne: allurar adirenalin a naman cinya ta gefen waje. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro. Manja, madara, zuma ko rubutu a wannan hali sai dai su sarƙe shi, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa. A ɗauke shi cak zuwa asibiti mafi kusa, ko a Keke Napep ne, ba sai wanda kuka saba zuwa ba.

Ga ma'aikatan ƙananan asibitoci da ke karanta mu: kwalbar adirenalin ta miligiram 1 cikin mililita 1 ake ja, a nama ake yi ba a jijiya ba. Babba da wanda ya haura shekara 12 mililita 0.5, ɗan shekara 6 zuwa 12 mililita 0.3, ƙasa da shekara 6 mililita 0.15. In bayan minti 5 babu sauƙi a maimaita. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a fara da haidirokotizon a zauna jira, alhali shi sai bayan awoyi yake fara aiki. Kuma ko yaro ya wartsake ya fara wasa kada a sallame shi nan take, don borin kan juyo bayan wasu awoyi.

Ki nemi ganin likitan yara a babban asibiti, kamar Barau Dikko a nan cikin garin Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ki tafi da bayani a rubuce: me ya ci, nawa, minti nawa kafin abin ya fara, me ya fara fitowa. In ya sake faruwa bisa kuskure ki ɗauki hoton fatar da waya, don kafin a kai ga layin likita sau da yawa ta washe. Wannan bayanin ya fi kowane gwaji nauyi. Gwajin tsaga fata da na jini masu taimakawa ne kawai, kuma sukan nuna akwai matsala ga yaron da ke cin gyaɗarsa lafiya lau. Ki kuma tambayi likitan yadda za a yi da maganar allura a gida. Akwai wadda aka riga aka ɗura, mai kamar biro, amma tana da tsada kuma ba kasafai ake samunta a kyamis ɗinmu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yau ki san asibitin da ke buɗe da dare kusa da ku.

Wataƙila kina so ki ji ko zai daina. Yaran da madara ko ƙwai ke yi wa haka yawancinsu suna rabuwa da shi in sun girma. Na gyaɗa ya fi naci, kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi. A asibiti ake gwada hakan, ba a gida ba.

Likita ya tabbatar 'yata tana da borin gyaɗa. Mun daina sayen gyaɗa da ƙuli, amma ran nan ta ci tsire a Kawo abin ya tashi. Me nama ya haɗa da gyaɗa? Kuma man gyaɗa fa? Daga wani magidanci, Unguwar Dosa.

Malam, ba naman ba ne, yajin ne. Garin ƙuli shi ne ƙashin bayan yajin tsire, shi ake barbaɗa wa nama kafin ya hau wuta. Kilishi ma haka, labun da ake tsoma shi a ciki da tunkuza ake haɗa shi. Wannan ita ce wahalar mai borin gyaɗa a ƙasar Hausa: a Turai takardar jikin kaya ake karantawa, mu kuwa abincinmu ba shi da takarda. Miyar taushe da gyaɗa ake ɗaure ta. Kwaɗon zogale, na rama, na latas, duka da ƙuli ake yin su. Dakuwa akwai gyaɗa. Wasu na zuba ta a fate, wasu a miyar alayyafo don ta yi kauri, garin kunun yara na haɗin hatsi da waken suya kusan kullum da ita. Yajin jego da yajin da ake ba da shi a ƙulli tare da ɗan wake ko awara, a tambaya kafin a ci. Kuma ku koyi yin tambayar daidai. In ka ce wa mai abinci "akwai gyaɗa?" za ta ce babu, da gaskiyarta, don ita ƙuli ta sa. Ka ce: akwai gyaɗa, ko ƙuli, ko tunkuza, ko man ƙuli?

Sai injin markaɗe na unguwa. Injin da ya gama niƙa gyaɗar masu ƙuli shi ne zai karɓi wakenku na ƙosai, ɗauraya ɗaya da kofin ruwa ba ta fitar da abin da ya maƙale a haƙoransa. Haka turmi da muciya da wuƙar mai tsire. Ruwa da sabulu na cire furotin ɗin daga hannu da kwano, amma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya cire shi.

Mai kuwa iri biyu ne. Wanda aka tace a masana'anta har ya zama garau ba ƙamshi, an cire masa furotin kusan gaba ɗaya, yawancin masu borin ba ya taɓa su. Na gargajiya, wanda mata ke matsewa da muciya da ruwan zafi, mai ƙamshin nan da ke sa ɗan wake daɗi, yana ɗauke da furotin, kuma haramiyarta ne. Matsalar ita ce a kasuwa komai "man gyaɗa" ake ce masa, har wanda aka tace daga kwakwar manja ko waken suya, kuma na awo a kwalba babu mai iya rantse maka ba a gauraya ba. Ku tsaya a kan na jarka mai hatimi da ya rubuta abin da ke ciki.

Kada kuma tsoro ya sa ku hana ta komai. Gyaɗa dangin wake ce, amma mafi yawan masu borinta suna cin wake da awara lafiya; in dama tana ci ba matsala, ta ci gaba. Aya ba ta da dangantaka da gyaɗa ko kaɗan, sai dai a kula da dakuwa. Kashu da riɗi su ne za a tambayi likita a kansu in ba ta taɓa ci ba, don sukan haɗu da na gyaɗa a jikin mutum ɗaya. A sanar da malamanta na boko da na Islamiyya, don a can ne yara ke musayar kayan ƙwalama.

Ina da ciwon suga da ɗan hawan jini. 'Yata ta kawo mini botar gyaɗa ta kwalba ta ce ta fi bota lafiya. Wasu kuma sun ce maiƙo ne zalla, zai toshe mini jijiya. Wa zan bi? Daga wani dattijo, Unguwar Rimi.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. 'Yarku ta fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi. Abin da ke cikin kwalbar nan ba baƙo ba ne, soyayyar gyaɗa ce da aka markaɗa ba a matse man ba, irin wadda ake dama kunu da ita. Babban cokali biyu, wato kimanin giram 32, yana ɗauke da kalori wajen 190, furotin giram 7 zuwa 8, maiƙo giram 16. Rabin nauyinta mai ne, masu cewa maiƙo ce ba su yi ƙarya ba. Sai dai mafi yawansa irin man da ba ya daskarewa ne, wanda ya fi kitsen nama da man shanu da botar madara sauƙi ga zuciya, kuma babu kolestarol a cikinta, don kolestarol daga dabba yake fitowa. Sitacinta kaɗan ne, saboda haka ita kaɗai ba ta harba suga sama, tana ma riƙe ciki mutum ya daɗe bai nemi abinci ba.

Inda ake faɗawa rami shi ne abokan tafiyarta. Mutum ya lafta ta a kan yanka huɗu na farin burodi, ya kora da shayi mai madarar gwangwani da suga, sannan in an auna ya ga lamba ta hau ya ce gyaɗa ce. Kunun gyaɗa ma haka, shinkafar da sugan ne ke yin aikin. Na biyu, yawa. Cokali biyu a rana ya isa, kuma a madadin wani maiƙon za ta shiga, ba ƙari a kansa ba. Wanda ke neman rage ƙiba ya tsaya a ɗaya.

Ku sa 'yarku ta juya kwalbar ta karanta muku jerin kayan haɗi. Mai kyau gyaɗa ce kawai, ko gyaɗa da ɗan gishiri. Da yawa daga cikin na kanti an ƙara musu suga da daskararren mai don kada su tsinke, wasu har da cakulan. Waɗannan ba naku ba ne. In kun ga mai ya taso ya kwanta a sama, ba lalacewa ta yi ba, alama ce ta ba a sa mata wancan daskararren man ba, a juya da cokali kawai. Saboda hawan jinin ku zaɓi marar gishiri, tunda gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma miya da dunƙule sun riga sun cinye shi. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

Wani abu da ke nuna ƙarfin wannan abinci: 'yar ledar nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wadda iyaye ke ce wa madarar gyaɗa ko abincin tamowa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da suga da mai da bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, kuma ƙulli ɗaya mai giram 92 yana ba da kalori 500. Magani ce ta yaron da ya rame, ba abin shafa wa burodi ba, masu saye a bayan fage su ji tsoron Allah.

Jaririna ya cika wata shida. Yayata ta ce kada in kuskura in ba shi gyaɗa sai ya shekara uku. Haka ne? Daga wata mai shayarwa, Rigasa.

Yayarki tsohuwar shawara ta riƙe, kuma ba laifinta ba ne, likitocin yara na Amurka ma haka suka ce a 2000, suka janye a 2008. Abin da ya juya lissafin gaba ɗaya bincike ne da aka yi a Landan aka buga a 2015, a kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa. An ba rabi gyaɗa tun suna wata 4 zuwa 11, an hana rabi. Da suka kai shekara 5, cikin waɗanda aka hana kusan 17 cikin 100 sun kamu da borin, cikin waɗanda aka ba kuwa kusan 3 ne kacal. Wato jinkirin da ake zaton kariya ne shi ke buɗe wa cutar ƙofa. Iyayenmu da ke dama wa yaro kunun gyaɗa tun yana rarrafe ba su kauce hanya ba.

Ga yadda za ki fara. Ki zaɓi safiyar da yake lafiya, ba mura ba zazzaɓi, kuma kina gida. Ki dama cokalin shayi 2 na gyaɗar da aka markaɗa luƙui da cokalin shayi 2 ko 3 na ruwan ɗumi ko nononki, har ta yi ruwa-ruwa, ko ki zuba a kokonsa. Ki ba shi ɗan kan cokali, ki jira minti 10. In ba ki ga komai ba ki ba shi sauran a hankali, ki sa masa ido awa 2. Daga nan ki riƙa ba shi kamar sau uku a mako. Ba sau ɗaya a manta ba, dawwamar ce ke koya wa jiki. Kada ki ba shi ita da kaurinta a cokali, tana liƙe wa jariri a maƙoshi. Ƙwayar gyaɗa da gutsuren ƙuli kuwa sai ya kai shekara 5, don suna faɗawa hanyar iska. Zuma ma ba a sa masa a kunu sai ya cika shekara.

Wanda ba za a fara masa a gida ba shi ne jaririn da ƙwai ya taɓa tayar masa da bori, ko mai ciwon fata mai tsanani, irin wanda kumatu da lanƙwasar hannu ke bushewa su yi ja su tsage yana ta susa har dare. Ba ƙyasbi muke nufi ba. Irin wannan likita ya fara ganinsa. Ke kuma ki ci gyaɗarki, mai ciki da mai shayarwa ba sa buƙatar ƙaurace mata.

In na sha madara cikina ya yi ta ƙugi da kumburi, wani lokaci har gudawa. Shi ma borin jini ne? Daga wani ɗalibi, Malali.

Da alama a'a. Wannan hanji ne ya gaza narkar da sugan da ke cikin madara, abin da ya zama ruwan dare ga manya a Afirka. Yana da takura amma ba ya kisa, kuma ya danganta da yawan da ka sha. Gwada rabin kofi tare da abinci, ko ka koma kindirmo da nono mai tsami, don tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sugan. In ka taɓa ganin kumburin baki ko rudu-rudu bayan madara, wannan wata magana ce, ka je asibiti.

Ina so in riƙa yin botar gyaɗa a gida, na ci da na sayarwa. Me zan kiyaye? Wani lokaci nakan ci karo da ƙwaya mai ɗaci. Daga wata uwargida, Kakuri.

Hajiya, wannan ƙwayar mai ɗaci ita ce ta fi damunmu a kan duk abin da aka tambaya yau, domin borin jini 'yan kaɗan yake kamawa, ita kuwa kowa ta shafa. Gyaɗar da ta sha damshi, a gona ko a buhu, tana yin hunhuna, kuma wani nau'in hunhunar yana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. In ta yi yawa lokaci ɗaya tana kashe hanta: a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. Kaɗan-kaɗan na shekaru kuwa tana jawo kansar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Arewa. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Ɗacin ma ba ma'auni ba ne, wata ƙwayar tana da gubar ba ta da ɗaci. Abin da ke hannunki shi ne tsinta, kuma tana aiki ƙwarai, don gubar a 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, ranar markaɗe ne suke raba ta ga sauran.

Tun a kasuwa, ko ta Barci ce ko ta Gumi, ki damƙi gyaɗar ki girgiza a tafin hannu. Busasshiya tana ƙara, ta kuma ƙarye ƙaras a haƙori. Ki sansana, in kin ji warin ɗaki rufaffe ki bar ta. Ki guji mai araha da aka riga aka farfasa, sau da yawa ita ce tsintar da aka ware daga mai kyau. A gida ki baza a faranti cikin haske, ki fitar da motsattsiya, mai baƙi, mai kore-kore, wadda ƙwaro ya huda da wadda ta tsage. Ki soya a wuta matsakaiciya kina juyawa har ɓawon ya fara saɓulewa in kin murza, cikin ya yi ruwan zuma. In tanda ce ta zamani, digiri 175 na minti 15 zuwa 20. Ta huce, ki murje, ki sheƙe, sannan ki sake tsinta karo na biyu. Wannan ta biyun ta fi muhimmanci, don sai jan ɓawon ya fita ake ganin tabon da ya ɓoye. Abin da kika ware a binne ko a ƙone. Kada ya koma ƙuli, kada a ba akuya ko saniya mai shayarwa, gubar tana bi ta nono.

Markaɗen busasshe ake yi, ko ɗigon ruwa kada ya shiga, ruwa ne ke sa ta cure ta kuma lalace cikin kwanaki. Injin ya zama wankakke, ya bushe sarai. In da na'urar markaɗe ta gida ce ki yi haƙuri da ita, za ki ga gari, sannan dunƙule, sai can mai ya fito ta saki. Ki riƙa kashewa tana hutawa kada ta ƙone. Rabin cokalin shayi na gishiri ya ishi rabin kilo. Ki zuba a kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a ɗiba da busasshen cokali. Ki yi daidai wadda za ta ƙare cikin wata guda, musamman a zafin Maris da Afrilu da kuma damina, in akwai firji ta fi haka daɗewa. In ta fara warin tsohon mai ko tana kartar maƙoshi, ta gama. Ta sayarwa kuma ki manna takarda da ranar da kika yi ta, ki rubuta da manyan baƙaƙe cewa gyaɗa ce, sannan ki nemi rajistar NAFDAC kafin ki kai ta kanti.